Darasi na Bakwai: Rana, Inuwa da Taurarin Shekara

Manufofin darasi

Idan an kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. bayyana abin da ke kawo bazara, damina, kaka da hunturu;
2. auna inuwar tsakar rana da sanda, ya faɗi abin da take nunawa game da lokacin shekara;
3. faɗin dalilin da ya sa taurarin daren hunturu suka bambanta da na daren damina;
4. gane wasu taurari da idonsa, ya san watan da ake ganin kowannensu.

Kayan da za a zo da su aji: lemo ɗaya, tsinken tsire, fitila ko tocila, sanda miƙaƙƙiya, da tef ɗin awo irin na tela.

Shin rana nisa take yi da sanyi?

Ku tambayi mutum goma a kasuwa me ke kawo sanyin Janairu. Da yawa za su ce rana ce ta yi nisa, da bazara kuma ta matso. Amsar tana da kan gado, domin kowa ya san wanda ya matsa kusa da murhu ya fi jin ɗumi. Sai dai awo bai yarda da ita ba.

A farkon watan Janairu, lokacin da muke ƙudundune cikin bargo, duniya ta fi kusa da rana: tsakaninsu kilomita wajen miliyan 147 ne. A farkon Yuli kuwa nisan yakan kai kilomita wajen miliyan 152. Ke nan sanyinmu yana zuwa ne a daidai lokacin da rana ta fi kusa. Ga kuma wata hujjar: a watan Disamba, mu muna hunturu, mutanen Afirka ta Kudu da Ostireliya suna tsakiyar zafinsu. Duniya ɗaya ce, nisanta da rana ɗaya ne. Da nisa ne dalili, da tare za mu ji sanyi.

Dalilin yana wani wuri dabam, kuma don mu kai gare shi sai mun fara sanin tafiye-tafiyen duniya guda biyu.

Juyi da kewaye

Duniya tana juyawa a kan kanta kamar yadda mazari ke juyawa a hannun mai kaɗi. Juyi ɗaya shi ne yini da dare, awa 24. Gefen da ya fuskanci rana yana yini, wanda ya ba ta baya yana dare.

Tana cikin wannan juyin kuma tana kewaya rana. Kewaye ɗaya yana ɗaukar kwana 365 da kusan rubu'in kwana. Wannan rubu'in ne ake tarawa, duk bayan shekara huɗu a ƙara wa Fabrairu kwana ɗaya ya zama 29, kamar yadda aka yi a 2024, za a kuma yi a 2028.

> Akwatin kalmomi
> Falaki: hanyar da duniya ke bi wajen kewaya rana.
> Tsinken juyi: layin da muke ƙaddarawa ya ratsa duniya daga ƙuryar arewa zuwa ƙuryar kudu, wanda a kansa take juyawa. Ba a ganinsa da ido.
> Ikwaita: layin da ake ƙaddarawa ya zagaye cikin duniya, ya raba ta biyu, rabin arewa da rabin kudu.
> Digiri: ma'aunin kusurwa. Zagaye cikakke digiri 360 ne. Daga ƙasa zuwa tsakiyar kai digiri 90 ne. Idan kun miƙe hannu kun dunƙule shi, faɗin dunƙulen a sararin sama wajen digiri 10 ne.

Karkatar duniya

Wannan shi ne zuciyar darasin, saboda haka kada a yi gaggawar wuce shi.

Tsinken juyin duniya ba a tsaye cak yake ba. A karkace yake, da digiri 23 da kusan rabi. Kuma duk inda duniya ta je a kan falakinta, tsinken yana nuna wuri ɗaya ne a sama, wajen Tauraron Arewa. Ba ya bin rana, ba ya sauya alƙibla daga wata zuwa wata.

Ku gwada a aji. A soke lemo da tsinken tsire daga sama zuwa ƙasa, a zana masa layi a ciki a madadin Ikwaita, a ɗiga alama kaɗan sama da layin a ce nan ne ƙasar Hausa. A ajiye fitila a tsakiyar ɗaki, a rufe tagogi. Mutum ɗaya ya riƙe lemon, ya karkata kan tsinken ya nuna wata kusurwar rufin ɗakin, sannan ya zagaya fitilar a hankali. Sharaɗi ɗaya ne: kan tsinken ya ci gaba da nuna wannan kusurwar, kome inda mai riƙon ya tsaya.

Za ku ga a wani gefen ɗakin, rabin lemon na sama ya sunkuyo wa fitila, haske ya fi sauka a kansa. Wannan shi ne watan Yuni. Idan aka kai ɗaya gefen, rabin na sama ya kauce, na ƙasa ne ya samu hasken. Wannan shi ne Disamba. A tsakanin wuraren biyu akwai inda rabin sama da na ƙasa ke raba hasken daidai wa daida, wato Maris da Satumba.

To me ya haɗa karkata da zafi? Ku haska tocila a ƙasa, ku riƙe ta a tsaye: hasken zai taru a ɗan wuri, ya yi ƙarfi. Ku kwantar da ita kaɗan: hasken nan dai zai bazu a wuri mai faɗi, ya raunana. Haka rana take. Idan ta hau tsakiyar kai, zafinta yana taruwa. Idan ta ratso daga gefe, yana bazuwa. Mai shanyar barkono ta san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi, shi ya sa take jiran rana ta ɗaga.

> Akwatin kalmomi
> Makomar rana: ranar da rana ke kaiwa iyakar tafiyarta ta juyo. Ta arewa tana faɗowa wajen 21 ga Yuni, ta kudu wajen 21 ko 22 ga Disamba.
> Ranar daidaito: ranar da rana ke tsayawa a kan Ikwaita, yini da dare su kusan yin tsawo ɗaya a ko'ina. Ana samunta wajen 20 ga Maris, da kuma wajen 23 ga Satumba.

Abin da sanda za ta gaya muku

Ba sai kun yarda da littafi kawai ba. Ku kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a fili mai daidai, ta tsaya cak. Ku lura da inuwarta daga hantsi zuwa azahar. Za ta yi ta raguwa, ta kai iyakar gajarta, sannan ta fara ƙaruwa. Wannan mafi gajartar ita ce inuwar tsakar rana, wadda malaman fiƙihu ke kira inuwar zawali.

*Misali na 1.* Kano tana digiri 12 arewa da Ikwaita. A ƙarshen Disamba, inuwar zawalin sandar nan za ta kai wajen santimita 71, ta kwanta wajen arewa, domin rana tana kudu. A ranar daidaito ta Maris za ta rage zuwa wajen santimita 21, har yanzu a arewa. Wajen 22 ga Afrilu inuwar za ta shige ƙarƙashin sandar, kusan babu ita: rana ta tsaya a tsakiyar kan Kano. Daga nan sai ta wuce arewa, inuwa ta koma kudu, ta kai wajen santimita 20 a ƙarshen Yuni. Rana ta juyo, ta sake ratsa tsakiyar kai wajen 21 ga Agusta a hanyarta ta komawa kudu.

Sau biyu ke nan a shekara Kano ke samun ranar da babu inuwa. Sakkwato da Damagaram, da yake sun ɗan fi arewa, tasu ta farko tana zuwa bayan ta Kano da 'yan kwanaki, ta biyun kuma kafin ta Kano. Mutanen Landan ko Alƙahira ba su taɓa ganin wannan a garinsu, domin rana ba ta wuce digiri 23 da rabi arewa da Ikwaita. Mu muna cikin yankin da take kaiwa da komowa.

*Misali na 2.* A mazhabar Malikiyya, lokacin La'asar yana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an ware inuwar zawali. Da sandarmu ta mita ɗaya, a Kano a ƙarshen Disamba sai inuwa ta kai santimita 100 da ƙarin 71, wato 171. A ƙarshen Afrilu kuwa santimita 100 sun isa, tun da inuwar zawali kusan babu. Ladanan da, waɗanda ba su da agogo, da wannan lissafin suke aiki, kuma dole su san cewa ma'aunin hunturu ba shi ne na bazara ba.

*Misali na 3.* Mai kafa faifan sola a arewacin Najeriya yakan kishingiɗar da shi kaɗan ya fuskanci kudu, da digiri 10 zuwa 15. Dalili: a Kano, kusan wata takwas cikin goma sha biyu rana tana ɓangaren kudu da tsakar rana. Haka mai rumfa a kasuwa: da hunturu inuwar bango tana gefen arewa, daga Mayu zuwa tsakiyar Agusta tana gefen kudu.

Mafitar rana ma tana tafiya. Ku tsaya wuri ɗaya a gida da sassafe, ku lura da bishiya ko ginin da rana ke ɓullowa a bayansa. A ranakun daidaito kaɗai take fitowa a ainihin gabas. A ƙarshen Yuni tana fitowa wajen digiri 24 arewa da gabas, a ƙarshen Disamba digiri 24 kudu da gabas.

Wannan ya shafi salla. A Hausa mukan ce a fuskanci gabas, muna nufin alƙibla. Amma daga Kano, Makka tana wajen digiri 22 arewa da ainihin gabas. Wanda ya dogara da mafitar rana a Yuni ya kusan dacewa. Wanda ya dogara da ita a Disamba ya kauce da sama da digiri 40. Akwai hanyar gyara mai sauƙi: ranar 27 ko 28 ga Mayu, da ranar 15 ko 16 ga Yuli, rana tana tsayawa a saman Ka'aba. A Mayu hakan na faruwa wajen ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar, a Yuli wajen ƙarfe 10:27. Duk wanda ya fuskanci rana a wannan lokacin ya fuskanci alƙibla. Inuwar sanda kuma tana nuna bayan alƙiblar, sai a ja layi a ƙasa. Ina ganin ya kamata kowane kwamitin masallaci ya rubuta waɗannan ranakun a bango.

Me ya sa Afrilu ya fi Yuni zafi?

Littattafan da aka rubuta don ƙasashen Turai suna cewa zafi yana farawa a Yuni. A can gaskiya ne. A nan kuwa duk manomi ya san bazara ce mai ƙuna, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi a Sakkwato da Maiduguri ke wuce digiri 40. Ba saɓani ba ne. A Afrilu rana tana tsakiyar kanmu, ƙasa ta bushe ƙayau, sama babu gajimare. A Yuni rana tana nan sama, amma gajimare ya tare ta, ruwa kuma ya sanyaya ƙasa. Su yanayinsu da zafi da sanyi ake gane shi, namu da ruwa da rashinsa. Amma karkatar nan ɗaya ce ke tafiyar da duka biyun.

Ga yadda take kawo damina. Idan rana ta hauro arewa, ƙasar Sahara da bakinta sukan ɗau zafi fiye da teku. Iska mai zafi takan tashi sama, sai iska mai laima ta taso daga Tekun Atlantika, ta kudu maso yamma, ta maye gurbinta. Wannan iskar ce ke ɗauke da ruwan damina. Tana bin sawun rana ne, amma a makare, shi ya sa ruwa ke fara sauka a Fatakwal da Legas tun Maris, ya iso Abuja wajen Afrilu, Kano a ƙarshen Mayu ko Yuni, Agadas kuwa sai Yuli da Agusta, shi ma ɗan kaɗan. A Agusta, lokacin marka, laimar ta kai iyakarta a arewa. Rana na komawa kudu, ruwa ya bi ta, ya janye daga arewa tukuna. Kaka ta shigo, a yi girbi.

Wani zai ce, ai hadarinmu daga gabas yake tasowa. Haka ne. Laimar tana shigowa ta ƙasa-ƙasa daga kudu maso yamma, amma iskar da ke can sama daga gabas take kaɗawa, ita ce ke koro hadarin zuwa yamma.

Idan rana ta yi nisa kudu a Disamba da Janairu, sai busasshiyar iskar hamada ta samu fili daga arewa maso gabas. Ita ce iskar hunturu. Yawancin ƙurar da take kawowa, wadda ke zama hazo, tana tasowa ne daga wani kwari mai suna Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki. Rana a karkace, hazo ya rage mata ƙarfi, dare ya yi tsawo, sama babu gajimaren da zai riƙe ɗumin ƙasa: ga sanyin asuba mai fasa leɓe da kaushi.

Tsawon yini ma yana sauyawa, ko da yake a wajenmu kaɗan ne. A Kano yini yakan kai wajen awa 12 da minti 50 a Yuni, ya sauko wajen awa 11 da minti 25 a Disamba. A Landan kuwa daga sama da awa 16 da rabi ne zuwa ƙasa da awa 8. Iya nisan wuri da Ikwaita, iya girman bambancin.

Taurari ma suna da lokacinsu

Mu koma ɗakinmu mai fitila. Wannan karon ku ne duniya. Ku zagaya fitilar kuna ba ta baya. A kowane gefe, bangon da kuke kallo dabam ne. Bangon da ke bayan fitila kuwa ba ku ganinsa, ko kun juyo hasken zai kashe muku ido. Dare shi ne ba wa rana baya. Da yake duniya tana kewaya rana, ɓangaren sama da muke kallo da dare yana sauyawa a hankali, sai shekara ta cika mu dawo kan bangon farko. Taurarin ba su je ko'ina ba. Waɗanda ba mu gani suna sama da rana tsaka, haske ne ya rufe su.

Ana iya auna wannan sauyin. Duniya tana cin digiri 360 na falakinta a kwana 365, wato kusan digiri ɗaya a kwana. Juyin digiri ɗaya kuma minti huɗu yake ɗauka. Saboda haka kowane tauraro yana riga lokacin fitowarsa na jiya da kusan minti huɗu.

*Misali na 4.* Tauraro ya fito yau da ƙarfe 9 na dare. Yaushe zai fito bayan kwana 30? Minti 4 sau 30 ya ba da minti 120, awa biyu ke nan. Zai fito da ƙarfe 7. Bayan wata shida zai riga da awa 12, wato ƙarfe 9 na safe, lokacin da ba mai ganinsa.

Yanzu ga waɗanda za ku nema. A fita bayan gari ko a kashe fitilun tsakar gida, a zaɓi daren da babu farin wata, a ba ido kamar minti goma ya saba da duhu.

Da kaka da hunturu, ku fara da Kaza da 'Ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya. Ɗan cincirindon taurari ne, ido yakan ƙirga shida ko bakwai, na'urar hangen nesa kuwa tana nuna ɗaruruwa. Hasken da kuke gani ya baro su sama da shekara 400 da suka wuce. A ƙarshen Nuwamba tana fitowa a gabas da magariba, ta hau tsakiyar sama da tsakar dare. A Afrilu za ku same ta a yamma bayan magariba, tana shirin faɗuwa. A Mayu ta ɓace, domin rana ta shiga ɓangarenta. A Yuni ta sake ɓullowa a gabas da asuba. Ɓacewarta da dawowarta sun zo daidai da kwanakin da manomi ke gyaran gona yana duban sama don ruwan shuka.

A bayan Kaza, taurari uku ne ke biyowa a jere kamar an sa igiya an daidaita su, wasu huɗu masu haske sun kewaye su. Larabawa suna kiran wannan rukunin Jauza'u, Turawa suna cewa Oriyon. Ukun nan suna da amfani ga matafiyi, domin a ainihin gabas suke fitowa, a ainihin yamma suke faɗuwa, ko wane wata ne. A tsakiyar Disamba suna kaiwa ƙololuwarsu wajen tsakar dare, a tsakiyar Janairu wajen ƙarfe 10, a tsakiyar Fabrairu wajen ƙarfe 8. Kun ga awa biyun nan na kowane wata. Idan kun bi layinsu zuwa kudu maso gabas, za ku tarar da tauraron da ya fi kowane haske a sararin dare, Shi'ira, wanda sunansa ya zo a Suratun Najmi. Can ƙasa da shi wajen kudu akwai Suhailu, na biyu a haske.

Da bazara, ku juya arewa bayan isha'i. Akwai taurari bakwai masu siffar ludayi, Larabawa suna ce musu Banatu Na'ashi. Biyun da ke bakin ludayin suna nuna Tauraron Arewa: ku ja layi daga gare su, ninki biyar na tazarar da ke tsakaninsu. Shi wannan tauraron ba shi da haske sosai, amma ba ya gusawa, dare duka, shekara duka, domin shi tsinken duniya ke nunawa. Tsayinsa daga ƙasa daidai yake da nisan garinku da Ikwaita. A Kano digiri 12 ne, dunƙulen hannu ɗaya da ɗan ƙari. A Agadas wajen digiri 17 ne.

Da damina, a daren da gajimare ya yaye kuma ruwa ya wanke ƙura, sama takan yi kyau fiye da kowane lokaci. Ku dubi kudu a Yuli bayan isha'i, za ku ga Kunama, da lanƙwasasshiyar wutsiyarta, da jan tauraro a ƙirjinta wanda ake kira Ƙalbu, wato zuciya. Kunama da Jauza'u suna bango biyu masu fuskantar juna, ɗaya na fitowa ɗaya na faɗuwa.

Lissafin taurari 28

Malamanmu sun gaji wani lissafi daga littattafan Larabci, manoma kuma suka karɓe shi. An raba hanyar rana a sama gida 28, kowane gida da tauraronsa, kowane tauraro da kwana 13. Idan aka ninka 28 sau 13 za a samu 364, sai a ƙara wa ɗaya daga cikinsu, Jabha, kwana ɗaya a cika 365. Kowane yanayi yana da taurari bakwai. Na damina su ne Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Idan dattijo ya ce tauraro kaza ya shiga, ba yana nufin za a gan shi a tsakiyar sama da dare ba. Yana nufin rana ta iso kusa da gidansa, sai dai a hango shi dab da alfijir, ko hasken rana ya rufe shi gaba ɗaya.

Abu biyu nake so a riƙe a nan. Na farko, tauraro alama ce ta lokaci, kamar hannun agogo. Ba shi ke saukar da ruwa ba, kuma malaman addini sun yi hani ga jingina masa ruwan sama. Ilimin falaki dabam, duba da bokanci dabam. Na biyu, tauraro yana faɗin lokacin da aka saba samun ruwa ne, ba ya faɗin ko daminar bana za ta zo da wuri ko za ta makara. Don wannan sai a saurari hasashen da Hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara a Najeriya, ko na cibiyar AGRHYMET da ke Yamai. Manomin da ya haɗa biyun ya fi wanda ya riƙe ɗaya.

> Akwatin kalmomi
> Tauraro: rana ce mai nisan gaske, tana ba da hasken kanta.
> Duniyar rana: dunƙulen da ke kewaya rana kamar tamu duniyar, ba shi da hasken kansa, na rana yake mayarwa.

Gamzaki mai fitowa da asuba, da Zara da ake gani da magariba har ake ce mata matar wata, abu ɗaya ne, kuma ba tauraro ba ne, duniyar rana ce. Tana da nata falakin, sai bayan kwana 584 take komawa inda muka fara ganinta. Saboda haka ba a lissafin damina da ita.

Wata ma haka. Shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza ta rana da wajen kwana 11. Shi ya sa azumi ke zagaya yanayi: a 2010 ya kama a Agusta, cikin marka, a 2016 a farkon Yuni, a 2025 a farkon Maris, bakin bazara. Sai bayan shekara wajen 33 yake komawa inda ya faro. Watannin Musulunci na ibada ne. Noma kuwa rana yake bi, shi ya sa malaman da ke duban jinjirin wata don azumi, su ne kuma ke riƙe da lissafin taurari don shuka.

Aikin gida

Ku kafa sanda a gida, ku auna inuwar zawali kowace Juma'a har mako shida. Ku rubuta tsawonta da inda ta fuskanta, ku kawo aji a gwada da na sauran ɗalibai.

Tambayoyin bita

1. A wane wata duniya ta fi kusa da rana? Wane yanayi muke ciki a lokacin?
2. Da digiri nawa tsinken juyin duniya ya karkata, kuma wane tauraro yake nunawa?
3. Yi amfani da misalin tocila ka bayyana dalilin da ya sa ranar Afrilu ta fi ta Disamba zafi.
4. Wata mata a Kano ta ga inuwar turminta ta kwanta wajen kudu da tsakar rana. Tsakanin waɗanne watanni ake ciki?
5. Sanda mai mita ɗaya tana da inuwar zawali ta santimita 40. Inuwar za ta kai santimita nawa kafin La'asar ta shiga?
6. Me ya sa ruwan damina ke riga sauka a Legas kafin Katsina?
7. Tauraro ya fito da ƙarfe 11 na dare ranar 1 ga wata. Da ƙarfe nawa zai fito bayan kwana 45?
8. Ina Kaza da 'Ya'yanta take a watan Mayu, kuma me ya hana a gan ta?
9. Me ya sa ba a dogara da Gamzaki ko da watannin Musulunci wajen sanin lokacin shuka?
10. Liman ya roƙe ka ka duba alƙiblar sabon masallaci, ba ka da kamfas. Wace rana za ka zaɓa, da wane lokaci, kuma yaya za ka yi?